Kwamfuta ta ƙi buɗe manhaja ko fayil: tambayoyi da amsoshi kafin ka yarda a yi mata fomat

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga bakin masu shagon buga takardu a Garwa, ɗaliban jami'a a Marwa da Ngaundare, da 'yan kasuwar da ke kai-komo tsakanin Kusuri da Injamena. Kukan kusan ɗaya ne: mutum ya latsa manhaja ko fayil, ko dai ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe a inda bai kamata ba. Da yake yawancin kwamfutocinmu na gwanjo Windows ɗinsu na Faransanci ne, sunayen maɓallan da ke nan na Faransanci ne kamar yadda suke a allo. Wanda tasa ta shigo ta Mubi ko Maiduguri da Turanci, wuraren duk ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Umarnin da ake rubutawa da hannu kuwa ba ruwansa da yare.

Na latsa manhaja, maimakon ta buɗe sai kwamfuta ta tambaye ni da me nake so ta buɗe ta. Me ya lalace?

Kowane fayil yana da 'yar wutsiya a ƙarshen sunansa, bayan ɗigo: .docx na takardar Word, .jpg na hoto, .mp4 na bidiyo, .exe na manhaja. Windows ba ta leƙa cikin fayil don ta gane ko mene ne shi. Wutsiyar take dubawa, sannan ta je wani babban kundi nata da ake kira rajista, ta ga wace manhaja aka rubuta a gaban wannan wutsiyar. Aikin rajista a nan tamkar na ɗan kamasho ne a tasha: ka ce Marwa za ka, ya nuna maka motar Marwa. Ranar da ya rikice, motoci na nan lafiya lau, fasinja na nan, amma mai zuwa Marwa sai ya tsinci kansa a motar Ngaundare, wani kuma a bar shi tsaye ba a nuna masa ko ɗaya ba.

Abin da ya same ka ke nan. Haɗin da ke tsakanin wutsiya da manhajarta ne ya tsinke ko ya karkace. Idan na .exe ne ya lalace abin ya fi tayar da hankali, domin kusan duk manhajoji wannan wutsiyar gare su, har da waɗanda za ka so ka yi gyaran da su.

Ni ban taɓa ganin wata wutsiya a sunan fayil ba. Ina take?

Windows ce ke ɓoye ta tun daga kamfani, kuma a ganina ɓoyewar nan ta cuci mutane da yawa. Mugu zai sa wa birus suna hoto.jpg.exe, kai kuma hoto.jpg kawai za ka gani, ka latsa da zuciya ɗaya. Don haka kafin komai a fito da ita fili. A Windows 10 buɗe kowace folda, shiga Affichage a sama, sa alama a Extensions de noms de fichiers. A Windows 11 yana ƙarƙashin Afficher. A Windows 7 shiga Organiser, sai Options des dossiers et de recherche, sai Affichage, ka cire alamar da ke kan Masquer les extensions des fichiers dont le type est connu. Ka bar ta haka har abada, ko bayan an gama gyara.

Malam, takardun mutanen da ke kawo mini aiki duk suna ciki. Sun salwanta ke nan?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Idan matsalar haɗi ce, ko harafi ɗaya bai goge a takardunki ba. Ki gwada da kanki: kwafe takarda ɗaya a filashi mai tsabta, ki kai ta wata kwamfutar. In ta buɗe, sauran ma lafiyarsu ƙalau. Abin da ke salwantar da takardun mutane a irin wannan hali shi ne gaggawa: a ruga wurin mai gyara, ya ce sai fomat, a ce to, a share komai saboda abin da layi biyu na rubutu zai gyara. Hali ɗaya ne kawai ya bambanta, wato idan sunayen fayilolin kansu ne suka canza. Wannan na yi bayaninsa a amsar birus mai neman kuɗin fansa, can ƙasa.

Me ke jawo wannan matsalar tun farko?

Mafi yawa hannunmu ne. Mutum ya danna dama a kan fayil, ya shiga Ouvrir avec, ya zaɓi manhajar da ba ita ba, alhali akwatin nan mai cewa Toujours utiliser yana da alama. Daga nan duk fayil mai irin wannan wutsiya can za a riƙa tura shi. Sai kuma sababbin manhajoji masu haɗama: ka sa WPS Office ta karɓe takardun Word, ka sa wata manhajar kallon fim ta karɓe duk bidiyo da waƙoƙi. Akwai kuma masu goge foldar manhaja da hannu maimakon su bi ta Désinstaller. Manhajar ta tafi, sunanta na nan a rajista, Windows na ta neman abin da babu.

Birus ma na yin haka da gangan. Wajen 2010 da 2011 an yi yayin wasu manhajojin ƙarya masu kama da maganin birus, waɗanda ke karkatar da haɗin .exe zuwa kansu, ta yadda duk abin da ka latsa su ne za su fara tashi. In aka cire su ba a gyara haɗin ba, sai komai ya tsaya cak. Har yau dabarar ba ta mutu ba. Ɗauke wuta a daidai lokacin da Windows ke rubutu a rajista shi ma yana iya ɓata wani sashe, musamman a kwamfutar tebur ko laftof ɗin da batirinta ya mutu, wadda da an ɗauke wuta take mutuwa nan take.

Ta yaya zan gane irin tawa matsalar?

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta `notepad`, danna Entrée. Idan Bloc-notes ya ƙi fitowa, ko aka tambaye ka da me za a buɗe shi, ko wata manhaja dabam ta fito, haɗin .exe ne ya lalace. Tsallaka zuwa amsoshi biyun da ke magana a kan baƙin allo, wato tagar da ake rubuta umarni a ciki, da umarnin gyara. Idan ya buɗe lafiya amma alamomin da ke fuskar kwamfuta ne suka ƙi, matsalar rakursi ce, wato alamomin nan masu 'yar kibiya da ke kai ka ga manhaja. Idan duka biyun lafiya, nau'in fayil ɗaya ne kawai ke buɗewa a inda bai dace ba, to taka ce mafi sauƙi, ga amsarta nan biye.

PDF ɗina a Edge yake buɗewa, takardun Word kuma a wata manhajar da ban sani ba. Yaya zan mayar da su?

Danna dama a kan fayil ɗaya daga cikinsu, zaɓi Ouvrir avec, sai Choisir une autre application. Zaɓi manhajar da kake so, sa alama a Toujours utiliser cette application, danna OK. A Windows 11 maɓalli ne mai suna Toujours. Gyaran fayil ɗaya ya wadatar wa duk 'yan'uwansa masu wutsiya iri ɗaya, amma ka tuna .doc dabam, .docx dabam, haka .jpg da .png, kowanne sai an yi masa nasa.

Idan abubuwan da suka rikice suna da yawa, shiga Paramètres, sai Applications, sai Applications par défaut. A Windows 10 akwai maɓallin Réinitialiser da ke mayar da komai yadda Microsoft ta tsara, daga nan sai ka sake zaɓen naka a natse. A Windows 7 wurin yana cikin Panneau de configuration, ƙarƙashin Programmes par défaut. Wani lokaci za ka ga takardar Word ta buɗe a WinRAR, ta nuna maka wasu foldoji maimakon rubutu. Ba lalacewa ta yi ba. Tun Office 2007 takardar .docx a ainihinta ƙunshi ce irin ta zip, shi ya sa WinRAR ke iya kwance ta. Rufe kawai, kada ka taɓa komai a ciki, ka mayar da haɗin ga Word.

Na nemi Word a jerin ban gan ta ba. Wani lokacin kuma na zaɓa, bayan kwana biyu ya koma yadda yake.

In ba ta cikin jerin, gangara ƙasa ka danna Plus d'applications, sai Rechercher une autre application sur ce PC, ka nemo WINWORD.EXE a cikin foldar Microsoft Office da ke Program Files. In babu ita a can ma, to Word ba ta kan kwamfutar, sai an sa ta. In tana nan amma haɗin ya ƙi zama, shiga Programmes et fonctionnalités, zaɓi Office, danna Modifier. A sababbin Office akwai Réparation rapide, wadda ba ta buƙatar intanet.

Komawar da yake yi kuwa, tun Windows 8 da ta fito a 2012 Windows na buga wani hatimi a kan zaɓin da mai kwamfuta ya yi da hannunsa. Idan wata manhaja ta zagaya ta baya ta canza shi, hatimin ba zai dace ba, sai Windows ta watsar da zaɓin ta koma ga nata. Shi ya sa PDF ke yawan komawa Edge. Maganin shi ne ka yi zaɓin da kanka ta Paramètres, kuma in wata tsohuwar manhajar karanta PDF ce ke ta jan rigimar, a sabunta ta ko a cire ta.

Duk alamomin da ke fuskar kwamfutata sun koma iri ɗaya, kowace na latsa manhaja ɗaya ce ke buɗewa.

Wannan ita ce matsalar rakursi, kuma ta fi kama masu Windows 7. Alamomin nan masu 'yar kibiya a gefe ba su ne manhajojin ba, masu nuna hanya ne kawai, wutsiyarsu .lnk, wadda Windows ke ɓoyewa ko da ka ce a nuna sauran. Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya karɓo waƙa a filashi wurin abokinsa, ya latsa ta ƙi buɗewa, ya zaɓa mata VLC, akwatin Toujours kuwa da alamarsa tun asali. Ashe abin da ya kwafo ba waƙar ba ce, rakursinta ne. Kafin ya ɗaga kai, Word da Excel da Chrome duk sun koma 'yar dalar nan mai ruwan lemu ta VLC. Uban ya dawo daga kasuwa ya ga allo ya cika da abu ɗaya, ya ɗauka an gama da kwamfutar.

Gyaran ba ya cin minti biyar. Danna Windows da R, rubuta `cmd`, danna Entrée. A baƙin allon da ya fito rubuta wannan a layi ɗaya, ka danna Entrée:

`reg delete "HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\FileExts\.lnk\UserChoice" /f`

Abin da ka goge shi ne zaɓin kuskuren nan kaɗai. Kashe kwamfutar ka kunna. Idan har yanzu da saura, buɗe baƙin allon da ikon shugaba, wato Administrateur mai ikon canza komai a kwamfutar, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna, ka rubuta `assoc .lnk=lnkfile`, ka sake kunnawa.

Babu manhajar da ke buɗewa, har cmd ɗin ma. Ta ina zan shiga?

Akwai ƙofar da ba ta bi ta haɗin da ya lalace. Danna Ctrl da Maj (Shift) da Échap (Esc) tare, Gestionnaire des tâches zai fito. In ya fito a taƙaice, danna Plus de détails. Shiga Fichier, sannan ka riƙe Ctrl da yatsa ɗaya yayin da kake danna Exécuter une nouvelle tâche. Riƙe Ctrl ɗin nan shi ne sirrin: maimakon ƙaramin akwatin rubutu, baƙin allo ne zai buɗe kai tsaye. A Windows 10, muddin asusunka na shugaba ne, za ka ga an rubuta Administrateur a samansa.

Idan wannan ta ƙi, ko Windows 7 gare ka kuma allon bai zo da ikon shugaba ba, sai a bi ta Mode sans échec, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kaɗai. A Windows 7 kashe kwamfutar, kana kunnawa ka yi ta danna F8, ka zaɓi layin da ke ɗauke da Invite de commandes. A Windows 10 da 11 riƙe Maj ka danna Redémarrer, sai Dépannage, Options avancées, Paramètres, Redémarrer, sannan ka danna 6 ko F6.

To na samu baƙin allon. Me zan rubuta?

Fara da tambayarta abin da ta sani. Rubuta `assoc .exe`, amsar da ta dace ita ce `.exe=exefile`. Rubuta `ftype exefile`, amsar da ta dace ita ce `exefile="%1" %*`. In ka ga sunan wata manhaja ko wata doguwar hanya a gaban "%1", ka kama ɓarawon. Ɗauki hotonsa da wayarka, zai yi amfani wajen farautar birus daga baya. Gyara su da waɗannan, kowanne da Entrée ɗinsa:

`assoc .exe=exefile`

`ftype exefile="%1" %*`

Sau da yawa amsoshin biyu za su fito daidai, amma manhajoji su ci gaba da ƙin buɗewa. Dalili shi ne rajista hawa biyu ce: akwai ta kwamfutar gaba ɗaya, akwai ta kowane mai asusu, kuma ta mai asusu ita ke rinjaye. Ɓarnar tana iya kasancewa a taka kaɗai. Waɗannan ukun su ke share ta:

`reg delete HKCU\Software\Classes\.exe /f`

`reg delete HKCU\Software\Classes\exefile /f`

`reg delete "HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\FileExts\.exe\UserChoice" /f`

In ɗaya daga ciki ya ce bai samu abin da ka ambata ba, babu laifi, ma'anarsa wurin da ma a tsabtace yake. Lura sosai cewa HKCU aka rubuta, wato rajistar mai asusu. Kada hannu ya kai ga HKCR ko HKLM, waɗanda suka shafi kwamfutar gaba ɗaya, a waɗannan layukan gogewa. Gama, kashe, kunna, ka sake gwajin `notepad`.

Ina rubuta umarnin yana cewa kuskure. Alamomin ma ba na samunsu a allon rubutu.

Yawancin gazawar a nan take. A allon AZERTY na Faransa, alamar " tana kan maɓallin 3 ba tare da Maj ba, % kuma Maj da ù, lamba 1 sai da Maj, ɗigo Maj da maɓallin waƙafi mai ɗigo, \ kuwa AltGr da 8, sannan / Maj da maɓallin ɗigo biyu. Wata rigimar ita ce laftof mai maɓallan QWERTY da aka sa mata Windows ta Faransanci: abin da ke rubuce a kan maɓalli dabam, abin da ke fitowa dabam. Alt da Maj tare suna sauya tsarin, in an sa fiye da ɗaya. Ka kula da tazara: akwai guda tsakanin "%1" da %*, babu ko ɗaya a gefen alamar =. Karanta layin sau biyu kafin Entrée.

An ce taɓa rajista haɗari ne. Ba gara in sauko da fayil ɗin gyara daga intanet ba?

Haɗarin gaskiya ne, domin rajista ba ta da kwandon shara, abin da ka goge ya tafi. Shi ya sa na ba da layuka ƙididdigaggu, kuma mai son ƙarin natsuwa ya fara ajiye kwafi da `reg export HKCU\Software\Classes C:\Users\Public\ajiya.reg`. Amma fayil mai wutsiyar .reg da ka tsinta a wani shafi, ko aka turo maka ta WhatsApp, ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba, domin duk abin da ke cikinsa zai shige rajistarka ba tare da ka san mene ne ba. Wani an yi shi don Windows XP, a zuba shi a Windows 10 ya ƙara dagula lamari. In dole ne, danna dama a kansa ka zaɓi Modifier, ka karanta shi a Bloc-notes tukuna. Manhajojin da ke tallar share rajista da dannawa ɗaya kuwa, ban ga amfaninsu a wannan matsala ba, wasunsu ma su ke haddasa ta.

Babu hanyar mayar da kwamfutar yadda take shekaranjiya?

Akwai, in an yi sa'a. A baƙin allo rubuta `rstrui`, Restauration du système zai buɗe, ka zaɓi ranar da ta gabaci matsalar. Yana mayar da rajista da fayilolin Windows, ba ya taɓa takardunka da hotunanka, sai dai manhajojin da ka sa bayan wannan rana za su fita. Kada ka fara shi sai batir na da caji ko kana da tabbacin wuta, domin yankewarsa a tsakiya ta fi ciwon farko muni.

A kwamfutoci da yawa masu Windows 10 za ka tarar ba a taɓa kunna wannan kariya ba, don haka babu ranar da za a koma. In taka haka take, bayan ka gyara ta hanyoyin sama, rubuta Créer un point de restauration a wurin bincike, shiga Configurer, ka kunna ta. Masu tambaya game da `sfc /scannow` kuma: yana da kyau don gyara fayilolin Windows da suka lalace, amma ba ya gyara zaɓin da ya karkace a rajista.

Foldojin filashina duk sun koma rakursi. Ita ce matsalar da kuke magana?

A'a, wannan birus ne, wanda duk mai yawo da filashi tsakanin siba da shagon buga takardu ya san shi. Yana ɓoye foldojinka na gaskiya, ya ajiye rakursi masu sunansu. Kana latsa ɗaya, foldar za ta iya buɗewa, amma a bayan fage birus ɗin ya shige kwamfutar, daga nan duk filashin da aka soka ya kamu. Ɗalibai masu rubutun kammala karatu su suka fi shan wahalarsa, domin filashi ɗaya ke zagaya wurin malami, wurin mai bugawa, da kwamfutocin abokai.

Kada ka latsa ko ɗaya, kuma kada ka yi wa filashin fomat. Duba harafin da Windows ta ba shi, a ce E ne, ka rubuta `attrib -h -r -s /s /d E:\*.*` a baƙin allo. Foldojin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Goge rakursin, da duk fayil mai wutsiyar .vbs ko .js da ba kai ka ajiye ba. In suka dawo nan take, kwamfutar ce ke ɗauke da cutar, duba amsa ta gaba.

Na gyara, ya yi, na kashe na kunna ya dawo.

Akwai mai sake ɓata shi ke nan. Buɗe Gestionnaire des tâches, duba ko wscript.exe na aiki alhali ba ka kunna komai ba, ka tsayar da shi. A Windows 10 da 11 leƙa shafin Démarrage ka kashe duk baƙon sunan da ke tashi tare da Windows, musamman wanda ya yi kama da hoton da ka ɗauka lokacin `ftype`. Sannan shiga Sécurité Windows, Protection contre les virus et menaces, Options d'analyse, ka zaɓi binciken da aka rubuta hors ligne. Kwamfutar za ta sake tashi ta yi bincike kafin birus ɗin ya farka. Bayan nan sai ka maimaita gyaran haɗin.

In bincike bai kama komai ba, buɗe sabon asusu da `net user gwaji /add`, ka shiga ta cikinsa. Idan komai na aiki a can, ɓarnar ta tsaya ne a tsohon asusunka, kana iya kwashe takardunka ka koma sabon. Masu Windows 7 su sani Microsoft ta daina aiko mata da kariya tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma wa'adinta na gama-gari ya cika a 14 ga Oktoba 2025. Ba cewa nake a jefar da su ba, kuɗin sabuwa ba wasa ba ne, amma irin wannan kwamfuta ba a soka mata kowane filashi.

Duk fayilolina an ƙara musu wata baƙuwar wutsiya, kuma babu wanda ke buɗewa.

Wannan ba matsalar haɗi ba ce, kuma ita ce mafi muni a duk shafin nan. In ka ga rahoto.docx ya koma rahoto.docx da ƙarin wasu haruffa huɗu, ga kuma wata takarda mai suna _readme.txt a cikin foldoji, birus mai neman kuɗin fansa ne ya kulle su. Dangin da ake kira STOP ko Djvu sun yaɗu sosai ta hanyar manhajojin sata da ake saukowa da su kyauta, a shekarun baya sun riƙa neman dala 980, ko 490 ga wanda ya tuntuɓe su cikin awa 72. Cire wutsiyar da hannu ba ya buɗe komai, domin cikin fayil ɗin ne aka hargitsa.

Cire kwamfutar daga intanet, zare duk filashi da faifan ajiya. Kada ka biya, babu tabbacin za su ba ka makulli. Kada kuma ka goge fayilolin da aka kulle, kwashe su ka adana. Akwai shafin No More Ransom, wanda Europol da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, inda ake ajiye makullan da aka samu kyauta. Wasu nau'o'in an samu nasu, wasu har yanzu.

In na canza wutsiyar da hannu, a ce .pdf zuwa .docx, zai koma takardar Word?

Ba zai koma ba. Sunan ka canza, cikin na nan yadda yake, Word kuma za ta ce fayil ɗin ya lalace. Mayar da tsohuwar wutsiyar ya dawo daidai. Akwai kuma fayilolin da haɗinsu bai lalace ba, manhajarsu ce babu a kwamfutar: saƙon murya na WhatsApp mai .opus VLC na buɗe shi, hoton iPhone mai .heic sai an ƙara wa Windows abin karanta shi ko a juya shi zuwa .jpg. Fayil mai .apk na wayar Android ne, latsa shi a Windows ba zai sa shi ya tashi ba.

Manhaja ɗaya ce ta ƙi, tana nuna saƙon wani abu mai .dll ya ɓata.

Wannan ma ba haɗi ba ne. In sunan MSVCP140.dll ne ko VCRUNTIME140.dll, abin da ya rage shi ne Visual C++ Redistributable, a sauko da shi daga shafin Microsoft kanta, ba daga shafukan da ke raba .dll ɗaiɗai ba. In kuma saƙon cewa yake manhajar ba za ta iya aiki a wannan PC ba, galibi manhajar 64 bit ce aka kawo wa Windows mai 32 bit, abin da ke yawan faruwa da tsofaffin laftof.

Yaushe ne fomat ya zama dole, kuma me zan ce wa mai gyara?

Sai an gwada umarnin .exe, an gwada komawa baya, an yi binciken birus, an gwada sabon asusu, duk ba su yi ba. Ko a nan ma Windows 10 da 11 suna da Réinitialiser ce PC tare da zaɓin Conserver mes fichiers, wanda ke sabunta Windows ya bar takardu, sai dai manhajoji ne za a sake sawa. Masu gyara da yawa sun san aikinsu, amma fomat ya fi musu sauri in layi ya yi tsawo, don haka kai ne za ka buɗe baki. Faɗa masa abin da ka gani daki-daki: notepad na buɗewa ko ba ya buɗewa, me `assoc` ya amsa, wace manhaja aka sa ko wane filashi aka soka kafin abin ya fara.

In ya tabbata sai fomat ɗin, kada ka bar shagon sai an kwafe foldar Utilisateurs da ke cikin C zuwa wani faifai dabam, domin a nan Bureau da Documents da Téléchargements da hotuna suke. Ka sa a buɗe maka takardu uku ko huɗu daga cikin kwafin a wata kwamfutar, ka gani da idonka. Ka tabbata kana riƙe da kalmomin sirrin imel da Facebook ɗinka, domin waɗanda Chrome ke tuna maka za su iya tafiya tare da tsohuwar Windows. Kwafin kuma a bincike shi da maganin birus kafin a mayar da shi cikin sabuwar.